KAFIN KA SAKI GONA DOMIN BIZAR KARATU, ZAUNA MU YI LISSAFI

Rubutun nan yana da tsawo, a yi mini haƙuri. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane da ya fara maganar fita waje karatu, don Allah ya daure ya kai ƙarshe. In da hali ma a karanta wa su Baba a gida, don su ne ke sayar da kadara.

Kwanakin baya ina zaune ƙofar gida nan Dutsin-Ma bayan La'asar, sai ga yayana bisa mashin daga wani ƙauye na ƙasar Kurfi, ya goyo babban ɗansa. Ɗan wan mahaifina ne, amma gida ɗaya muka tashi. Muka gaisa, aka kawo ruwa, sai ya gyara zama ya ce, "Ƙanena, shawara ta kawo ni, kai ne ɗan bokon gidanmu. Yaron nan ya samu makaranta a ƙasar waje, karatun likita. An ce a kai miliyan huɗu a fara aikin biza. Ni kuwa na yanke zan saki gonar bakin rafi."

Sai da gabana ya faɗi. Gonar nan ta kakanmu ce. Da damina gero da wake, da rani tumatir da albasa. Ita ke riƙe da gidan mutum goma sha huɗu.

Na ce wa yaron ya nuna mini takardar. Ya buɗe waya, ya nuna mini hira ta WhatsApp da wani mutum da bai taɓa gani ido da ido ba, da hoton wata takarda mai tambari. Na ce, "Nawa ne kuɗin makaranta a shekara?" Ya ce sai ya tambaya. "Shekara nawa ne karatun?" Ya ce shida. "To in gona ta biya ta farko, wa zai biya sauran biyar?" Ya ce, "Baba, ai ya ce in na je zan samu aiki in riƙa biya da kaina." Na ce, "Takardar banki da ofishin jakadanci zai nema fa, asusun wa za a nuna?" Ya ce, "Ya ce wannan shi zai haɗa."

A nan na dubi yayana na ce, "Yaya, gonarka ce, amma ba da yawuna ba."

Yaron bai ƙara cewa uffan ba har suka tafi. Bayan kwana biyu magana ta dawo mini ta wajen mata, wai baƙin ciki nake yi don nawa ɗiyan ba su fita ba. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta dalilaina a fili, kowa ya auna, in na yi kuskure a gyara mini.

Da farko dai, ni ba na adawa da fita neman ilimi. Wane Bakatsine ne zai yi? Tun kafin a san fasfo da biza malamanmu ke keta Sahara. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, daga ƙasar nan ya fita, a Alƙahira ya rasu a 1741, har yau ana nazarin abin da ya rubuta. Kuma na san abin da ke tura iyaye. A 2022 ASUU ta yi wata 8 tana yajin aiki, yaranmu na zaune gida suna kallon bango. Yaro ya ci maki mai kyau yana son karatun likita, a ba shi wani abu dabam saboda guraben ba su da yawa. Ga rashin tsaro. Mu da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari ba mu bukatar a ba mu labari. A Oktoban 2023 har ɗalibai mata biyar na FUDMA aka ɗauke daga gidan da suke haya a cikin garin nan. Uban da ya ce yana son ɗansa ya yi nesa da wannan, ba zan ce masa mahaukaci ba.

Inda na saɓa da mutane shi ne mun juya lissafin. Mun ɗauki biza tamkar ita ce babbar jarrabawa, da an buga ta a fasfo shi ke nan an yi arziki, sai a sa hoto a filin jirgi ana Allah sanya alheri. Alhali biza izinin shiga ce kawai. Ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta biyan haya, ba ta sa a karɓi takardarka in ka dawo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Biza ita ce ya kamata ta zo ƙarshe, bayan an amsa wasu tambayoyi da yawancinmu ba mu son yi wa kanmu.

TAMBAYA TA FARKO: KUƊIN KARATUN DUKA, BA NA SHEKARAR FARKO BA

Kuma a lissafa shi da kuɗin ƙasar da za a je. Nan ne mutane da yawa suka ƙone. A farkon 2023 wanda ya samu dala ta banki yana sayenta wajen naira 460. A Yunin shekarar aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura naira 1,500. Ka ɗauki uban da ke biya wa ɗansa dala 5,000 a shekara. Da, naira miliyan 2.3 ce. Bayan wata tara kacal ta koma miliyan 7.5. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, albashinsa kuma bai ninka uku ba.

Ba ƙiyasi nake yi ba, ya faru. A Mayun 2024 wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila aka dakatar da su daga karatu, aka sanar da hukumar shige da fice, aka ce su bar ƙasar. Ba jarrabawa suka faɗi ba. Kuɗin da suka tara da naira ne ya narke a hannunsu, suka kasa cika biya a kan lokaci. Waɗannan kuwa mutane ne da suka cika duk sharuɗɗa, suka samu biza ta halal.

Bari in ba ku wasu alƙaluma don a san girman abin. A ƙa'idar da Ingila ta fara aiki da ita a Janairun 2025, a wancan lokacin an bukaci ɗalibin da makarantarsa ke wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata 9. Wato sama da fam dubu goma, kuɗin ci da kwana kawai, ban da kuɗin makaranta. Kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a cikin asusu. In ka sa fam a naira 2,000, sama da miliyan 20 ke nan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi shekara 24 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara su. Bayan wannan ga kuɗin kula da lafiya, fam 776 a kowace shekara, ga kuɗin bizar kanta, ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi. Kanada a Janairun 2024 ta ɗaga abin da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635, ninki biyu a dare ɗaya. Jamus da ake cewa karatu kusan kyauta ne a jami'o'in gwamnati, sai ka ajiye yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata. Amurka kuwa, dala 185 ta neman biza da dala 350 ta rajistar ɗalibi, in an hana ka ba a mayar maka.

Na san wani zai ce ai mu ba Turai za mu ba, Masar ce ko Indiya ko Malesiya ko Uganda. Gaskiya sun fi sauƙi. Amma su ma da dala suke karɓa, kuma karatun likita shekara shida ne ko abin da ya yi kusa da haka. Tambayar tana nan: wa zai biya shekara ta uku, ta huɗu, ta biyar?

Sai maganar "in ya je zai yi aiki ya biya." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin mutanenmu. A Ingila awa 20 a mako doka ta yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin karatu. In ya samu, ya rage masa kuɗin abinci da wani abu na haya. In ya wuce awannin aka kama shi, bizar ce za ta tafi. A Amurka ɗan shekarar farko cikin makaranta kawai aka yarda ya yi aiki. Wasu ƙasashen da yaranmu suka fi zuwa kuwa, 'yan ƙasar ma neman aikin suke yi ido rufe. Ɗalibin likita da ke kwana a kan littafi, yaushe zai yi aikin da zai biya dala dubbai?

Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce. In ba ka ga inda kuɗin duk shekarun za su fito ba, ko da dala ta ƙara tashi, to ba ka shirya ba. Kadarar da ke ciyar da gida kuma ba a sa ta a wannan lissafi. Gona in ta tafi ta tafi, kuma kuɗinta shekara ɗaya za su yi.

TAMBAYA TA BIYU: IN YA DAWO, ZA A KARƁI TAKARDAR?

Wannan ni na gani da idona a wurin aiki, ba sau ɗaya ba. Mutum ya zo da kwali mai kyalli, an kashe masa dukiya, a ce sai ya kawo takardar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ya tafi Abuja, daga nan ba ka ƙara ganinsa ba.

Kun tuna abin da ya faru da digirin Kwatano. A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano, bai shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum dubu ashirin ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal aka amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. Abin tausayin, a cikin waɗanda abin ya shafa akwai yaran da suka zauna aji da gaske, suka yi karatu da gaske, iyayensu suka biya da guminsu. Laifinsu ɗaya, ba su bincika matsayin makarantar ba.

Saboda haka kafin a biya ko naira ɗaya, a tabbatar da abu biyu: ƙasar da makarantar take ta amince da ita da kuma kwas ɗin, sannan Najeriya ta amince. Kada a tambayi ejan, shi cewa zai yi an amince. A tambayi ma'aikatar ilimi, a tambayi hukumar da ke kula da sana'ar. Wanda ya karanta likita a waje ba zai taɓa majinyaci a nan ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ba kowa ke tsallake ta ba. Wanda ya karanta lauya sai ya yi wani ƙarin zango a makarantar horar da lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. Masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya su ma kowa da hukumarsa. Hukumar bautar ƙasa kuwa har fasfonka za ta duba, ta ga ranar da ka fita da ranar da ka dawo.

Akwai kuma wuraren da matsalarsu ta fi ta makaranta. Arewacin Cyprus, alal misali, Turkiyya ce kaɗai a duniya ta amince ƙasa ce. Tun 2020 Abike Dabiri-Erewa, shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, ta gargaɗi iyaye a kan tura yara can, saboda mace-macen ɗalibanmu da ba a iya bin kadinsu ba. Amma har gobe ejan-ejan na tallarta, don gurbin yana da sauƙin samu. Araha ba ta ado.

TAMBAYA TA UKU: WANENE EJAN ƊIN, KUMA ME ZAI RUBUTA DA SUNANKA?

Ba duka ejan ne macuta ba, akwai masu ofis da suna da suke tsoron zubewar mutunci. Amma ku riƙe wannan: babu mutumin da ke da ikon yi maka alkawarin biza. Jami'in ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci. Duk wanda ya ce maka "ɗari bisa ɗari," ko ya ce yana da mutum a ciki, ka kama aljihunka.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Kuɗin makaranta a ce a tura asusun mutum, ba na makaranta ba. A ce yau ne rana ta ƙarshe, a yi sauri. A hana ka magana da makarantar kai tsaye. A riƙe maka adireshin imel da aka yi rajista da shi. Takardar gurbin karatu kuwa, yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa maka ita cikin rabin awa a shagon buga takardu. Hanyar tabbatarwa ita ce ka nemo adireshin makarantar da kanka a intanet, ka rubuta musu, ka ce ga lamba ga suna, shin daga gare ku take? Zuwa da kai ya fi aike.

Mafi haɗari shi ne abin da aka ce wa ɗan yayana, wai "zan haɗa takardar banki." Ma'anarsa ɗayan biyu ne: ko a ƙirƙiro ta ƙarya, ko a zuba kuɗin aro a asusu na 'yan kwanaki da ruwa a kai, a kwashe bayan an buga takarda. In ta ƙarya ce aka gano, Ingila na iya hana mutum shiga har shekara 10, Amurka kuwa har abada. Sunan yaron ne da zanen yatsunsa za su shiga kundi, ejan yana gidansa yana shan shayi. In kuma ba a gano ba, to an yaudari kai ne. Dalilin da ya sa suke neman ganin kuɗin shi ne don za a bukace su. Yaro ya sauka ƙasar mutane cikin sanyi da dala 200 a aljihu, takarda ta ce yana da miliyoyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban ma shiga maganar halal da haram ba, wannan kowa ya san amsarta.

TAMBAYA TA HUƊU: IN ABU YA ƁACI FA?

Mu 'yan Arewa Sudan ta koya mana darasi. A 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Dubban yaranmu na can, akasarinsu daga Kano da Katsina da Jigawa da maƙwabta. Da motocin safa aka kwaso su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su wuce, sai a farkon Mayu jiragen farko suka sauka Abuja. Akwai abokin aikina da ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata ya tura 'yarsa. Tana aji huɗu a karatun likita ta dawo da jaka ɗaya, babu ko takardar sakamakon shekarun da ta yi. Har yanzu ana cire masa bashin a albashi.

Kafin nan an yi na Yukiren a Fabrairun 2022. Wasu suka ci gaba da karatu ta intanet daga gida, sai MDCN ta fito ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba. Ko Maraɗi da ke nan kusa, wadda ba a bukatar biza, bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Masu yara a can sun san wahalar da aka sha ta bayan Jibiya.

Ba wanda ya san gaibu sai Allah. Amma ɗaure raƙumi yana cikin tawakkali. A duba halin da ƙasar ke ciki. A ajiye kuɗin tikitin dawowa a gefe, kada a taɓa. Yaro ya riƙa karɓar sakamakonsa a rubuce duk ƙarshen shekara, ya turo gida. Ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ƙungiyar ɗalibai. A tambaya tun farko, in karatu ya katse, wace makaranta ce za ta karɓe shi daga inda ya tsaya?

Kuma ba yaƙi kaɗai ke ɓata shiri ba, doka ma na canzawa. Daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu zuwa digiri na biyu tafiya da mata da yara, sai masu karatun bincike. Da yawa sun sayar da gida da mota da niyyar kwashe iyali, dokar ta riske su a hanya. A 2025 Amurka ta ce mai neman bizar karatu ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba, sannan a Yuli ta mayar da yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, ta wata uku. Samari masu zage-zage da yaɗa duk abin da suka gani a Facebook, ku ji da kyau. Abin da ɗan unguwarku ya gaya muku ya yi shekara uku da suka wuce, wataƙila yau ba haka yake ba. Har alƙaluman da na kawo a sama, a sake dubawa a shafin ofishin jakadanci ranar da za a nema.

TAMBAYA TA BIYAR: SHI YARON FA?

Wannan ba ta cikin kowane fom, amma ita ce ta fi damuna. Yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa kwana a Kaduna shi kaɗai ba, ko sallar Asuba sai an buga masa ƙofa, a ɗauke shi a ajiye inda babu mai ce masa bari. Ya iya dafa abinci? Ya iya riƙe kuɗi? In ya faɗi jarrabawa zai iya faɗa wa iyayensa gaskiya, ko zai yi shekara biyu yana karɓar kuɗi yana ɓoyewa? Ga harshe. A Rasha da Sin da Turkiyya sau da yawa sai an yi shekara guda ana koyon harshe, kuma ɗalibin likita dole ya yi magana da majinyaci da harshen garin. Ga kaɗaici, wanda ba mu ɗauke shi ciwo ba, alhali yana karya mutane. In 'ya mace ce, a ina za ta zauna, wa ke kusa da za a kira cikin dare? Uba ya fi kowa sanin ɗansa. Ya amsa wa kansa tsakani da Allah.

TO MECECE MAFITA?

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi: digiri na farko a gida, na biyu a waje da tallafin karatu. FUDMA tana nan tun 2011. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam a Katsina, ga Kwalejin Isa Kaita a nan garin, ga ABU da BUK ba nisa. Ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga 'yan makarantun gwamnati. Yaro ya dage ya fito da sakamako mai kyau, ya gyara Turancinsa, ya koyi rubuta bayanin kansa. Sannan ya nemi Chevening ko Commonwealth na Ingila, ko DAAD na Jamus, ko tallafin gwamnatin Turkiyya, ko PTDF a nan gida, masu karatun addini kuma ga Jami'ar Madina. Neman waɗannan ba a biyan ejan. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka, ɓarawo ne. Gwamnatin jiha ma ta tura yara Masar karatun likita, wasu kuma Sin. A riƙa sa kunne, a nema in an buɗe.

Ko tallafin ma a karanta takardar da kyau. Me ya ɗauka, me ya bari? Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai sun yi ta kukan rashin biyan alawus na watanni, daga baya a 2025 gwamnati ta ce ta daina shirin. In na gwamnati zai iya tangarɗa, ina ga alkawarin wani Alhaji ko ɗan siyasa da ya ce "je ka, zan riƙa turowa"?

'Yan'uwana ma'aikata kuma, kada a tafi sai an samu izinin hutun karatu a rubuce. Kada ka dawo da digiri ka tarar da takardar tuhuma tana jiranka.

Na san abin da wasu za su rubuto: "Malam, kana kashe wa ɗan talaka gwiwa, su ɗiyan manya ai suna fita." Gaskiya ne suna fita, kuma abin da ciwo. Amma ɗan mai kuɗi in abu ya ɓaci, tikiti za a saya masa ya dawo a canza masa wata ƙasar. Ɗan talaka in ya ɓaci, gidan duka ne ya ɓaci, har da ƙannensa da ba su ji ba ba su gani ba. Wani kuma zai ce ga wane, da kuɗin mota ya tafi, yau shi ke riƙe da danginsu. Na yarda, ni ma na san irinsu. Sai dai wanda ya dace shi ke sa hoto. Wanda ya maƙale ba takarda, yana ɓuya, ko uwarsa ta rasu ba ya iya zuwa, ba za ka gan shi a Facebook ba.

Game da yayana, mun rubuta wa makarantar da kanmu. Mako uku ke nan ba amsa. Da yaron ya ce wa ejan ɗin a ba shi asusun makaranta ya biya kai tsaye, sai mutumin ya fara faɗa, wai an raina masa hankali. Gonar dai ba a sayar ba bana, an ma fara gyaran rani. Yaron ya karɓi gurbin da aka ba shi a nan gida, ba likita ba, kuma har yanzu gaisuwarsa gare ni a taƙaice take. Ba komai. Na yi masa alkawari, in ya fito da sakamako mai kyau, ni da kaina zan zauna da shi mu cike takardun neman tallafi, kuɗin fasfo kuma a wuyana.

Wanda ya yi karatu a waje, ko yake can yanzu, don Allah ya faɗa mana gaskiyar abin da yake kashewa a wata da abin da ya tarar, daɗi da wuya, ƙannenmu su amfana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani a duk inda yake, ya tsare su daga macuta, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Amin.